Albasa mai ruwan ɗorawa a Sabon Ibadan: Abin da bahon tsakar gida zai iya da wanda ya fi ƙarfinsa

Kusan duk albasar da ake yankawa a gefen tukubar masu tsire a unguwar Sabo ta birnin Ibadan, da wadda matan unguwar ke soyawa a ƙasan miya, baƙuwa ce kamar kakannin masu ita. Daga Aliero ta Jihar Kebbi take tasowa, ko daga fadamun Goronyo da Wurno da Gada a Jihar Sakkwato, ko Kura da Kadawa na Kano, wani lokaci ma daga Galmi ta Jamhuriyar Nijar. Ta ɓangaren Sakkwato da Kebbi akan loda ta a tirela, ta bi ta Yawuri da Kontagora da Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Ilorin da Ogbomosho da Oyo kafin a sauke ta. Hatta sunanta tafiyayye ne: Hausawa sun aro shi daga Larabci, Yarabawa kuma suka karɓa daga bakin Hausawa suna cewa alubosa.

Abin da ke tafe daga nesa haka kuwa, ƙaramin abu kan tare shi a hanya. Tsadar man fetur tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023, da ambaliya a fadamu, da lalataccen iri, da rikicin kasuwa, kowanne ya taɓa mayar da albasa abin da uwargida ke raba guda ɗaya gida biyu, ta ajiye rabi don gobe. Shi ya sa duk lokacin da aka sake ta da maganar lambun gida, kamar yadda aka yi a 2024 sa'ad da Uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta yi ta yayata gasar kowane gida da lambunsa, albasa na cikin abubuwan farko da ke faɗo wa mutane a rai. Wasu kuma, da suka ga manyan albasa masu ɓawo ruwan ɗorawa a kantunan zamani ko a jikin ƙunshin iri, sai su ce ai wannan ce ta shukawa.

Ana iya shuka ta a Ibadan. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma lissafin ribar ba kamar yadda ake zato yake ba.

Unguwar da ciniki ya haifa

An keɓe wa Hausawa Sabo a shekarar 1916, a kusa da Mokola, bayan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901 ya kuma kai Kano shekaru goma bayan haka. Shanu ke gangarowa Kudu, goro ke haurawa Arewa, masu gida da dillalan Sabo kuma su ne a tsakiya, suna saukar da baƙi, suna tsaya wa bashi da mutuncinsu. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969, ya tarar da mutum 4,000 da 'yan kai a cikinta. Yau Sabo ta cika ta batse. An fi saninta da 'yan canji da masu tsire, gidajenta kuma a cushe suke, ɗaki na jingine da ɗaki.

Wannan tarihin ya shafi maganarmu ta fuska biyu. Mutanen Sabo 'yan kasuwa ne tun fil'azal, ba manoma ba, kuma ba su da filin da za a ja fangali. Wanda duk zai yi lambu a can, a baho zai yi shi, ko tsohon bokiti, ko buhun shinkafa, ko a saman bene idan Allah Ya hore masa. Ta ɗaya fuskar kuma, babu wanda ya kai su sanin cewa hanyar Arewa na iya toshewa dare ɗaya.

A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Sasa da ke Ƙaramar Hukumar Akinyele, inda ake sauke tumatir da tattasai da albasar Arewa. An yi asarar rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, har gwamnonin Kebbi da Kano da Neja da Zamfara suka zo Ibadan suka gana da Gwamna Seyi Makinde. Kafin watan ya ƙare, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu. Motoci suka yi cirko-cirko a wajen Jebba, farashi ya yi tashin gwauron zabo a Ibadan da Legas, a Arewa kuma kayan gwari suka riƙa ruɓewa a hannun manoma. An janye matakin a farkon Maris bayan shiga tsakanin da Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya jagoranta. A watan Yuni na wannan shekarar ita ma ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta ƙasa, ƙarƙashin Aliyu Maitasamu, ta sanar da nata dakatarwar saboda asarar da 'ya'yanta suka tafka.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan takunkumi bai tambayi kowa yarensa ba. Bahaushiyar Sabo ta sayi albasa da tsadar da Bayarabiyar Oje ta saya.

Wace ce mai ruwan ɗorawa?

Albasar da Nijeriya ta sani ja ce, ko mai ruwan shunayya. Ga kuma fara, wadda wasu ke nema don magani ko don haɗin ganye. Sarauniyar yankin ita ce shunayyar Galmi, mai yaji, mai tauri, mai jure ajiya, wadda ake fatauci da ita har Ghana da Kwaddibuwa. Mai ruwan ɗorawa ita ce albasar yau da kullum a Turai da Amurka. Daga Holan ake loda ta a jirgin ruwa zuwa Dakar da Abijan, har ta kai gwamnatin Senegal kan rufe ƙofar shigo da ita na wasu watanni a shekara don manoman ƙasar su sayar da tasu.

A nan ne mai lambu ya kamata ya buɗe ido, domin ba launi ne ke raba albasa gida-gida ba, tsawon yini ne. Albasa ba ta fara yin kai sai hasken rana ya kai wani adadin sa'o'i da jininta ya saba da shi. Ta Holan da makamantanta sai yini ya kai sa'a 14 zuwa 16, irin na bazarar ƙasashen sanyi. Ibadan kuwa tana kusa da tsakiyar duniya, yininta mafi tsawo bai fi sa'a 12 da rabi ba. Wanda ya shuka irin Holan a Sabo zai sha ganye har ya gaji, amma ba zai ga kai ba ko da zai shekara yana ban ruwa. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. To, halin rana take yi.

Wadda za ta yi a nan ita ce mai gajeren yini, wadda sa'a 11 zuwa 12 ke isarta. A cikin masu ruwan ɗorawa, dangin Grano ne suka yi fice: Texas Early Grano, wadda asalinta daga Sifaniya ne aka inganta ta a Amurka, da 'yar uwarta Granex. Masu sayar da irin lambu kan kawo su a gwangwani ko a ƙunshi. Suna girma da sauri, suna yin manyan kai, suna da zaƙi da ruwa-ruwa, ba sa sa hawaye sosai. Aibinsu ɗaya ne, kuma babba ne: yawan ruwan nan da ƙarancin yaji su ne ke sa ba sa daɗewa a ajiye. Wato mai ruwan ɗorawar da ke jure ajiya ba ta yin kai a ƙasarmu, wadda ke yin kai kuma ba ta jure ajiya. Mai niyyar lambu ya riƙe wannan tun kafin ya fitar da kuɗin iri.

Shi ma irin a yi hattara da shi. Ƙwayar irin albasa ba ta da tsawon rai. Da wuya ta wuce shekara guda da ƙarfinta, a wuri mai zafi da laima kuwa ko hakan ba ta kaiwa. A duba kwanan watan da ke jikin gwangwani, a guji wanda aka buɗe ana aunawa da cokali a rana. Mai neman shawarar masana bai da nisa da su, domin hedikwatar Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wato NIHORT, wadda aka kafa a 1975, tana nan Idi-Ishin a cikin Ibadan.

Gajeren rani, doguwar damina

Abin da ya sa albasa ta zama ta Arewa shi ne rani mai tsawo, da sanyin hunturu da take so tana ƙarama, da busasshiyar iskar da take so idan ta nuna. Ibadan na samun ruwan sama tun daga wajen Maris ko Afrilu har Oktoba, da ɗan hutu a Agusta, hunturunta kuma leƙe yake yi a Disamba da Janairu ya wuce. Don haka tagar da mai albasa ke da ita ƙarama ce, kuma wanda ya makara da wata guda zai iske ruwan farko ya riga shi.

A yi reno a cikin Oktoba, a faffaɗan kwano ko akwatin katako mai huji a ƙasa, a ajiye a inuwar barandar da ruwan ƙarshen damina ba zai doke shi ba. A binne irin kamar zurfin santimita 1, a riƙa yayyafa ruwa. Cikin kwana 7 zuwa 10 zai tsiro kamar allura. Bayan mako 6 ko 7, idan ya yi ganye uku ko huɗu, sai dashe, wato ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba.

Saiwar albasa ba ta nitsewa can ƙasa, wannan ne ma ya sa ta dace da baho. Zurfin ƙasa santimita 25 ya wadatar, muddin an huda gindin mazubin da kyau. Jar ƙasar Ibadan kan dunƙule idan ta bushe, don haka a cuɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. Taki kuwa ba abin wahala ba ne ga mutumin da ke da 'yan uwa a kara ko makwabci mai kiwon raguna, sai dai a tabbatar ya ruɓe ya huce, don ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. A bar tazarar santimita 10 zuwa 12 tsakanin dashe da dashe, kuma kada a binne wuyan. Albasa a saman ƙasa take son zama, rabin kanta a waje.

Rana ita ce matsalar da cunkoson Sabo ke haifarwa. Tsakar gidan da katanga da rufin makwabta suka yi wa rumfa ba za ta ba da albasa ba. Tana son rana ta kusan yini guda. Gara baho uku a saman bene da goma a lungu.

Akwai wani sirri da manoman fadama suka sani: kowane ganye a sama ɓawo ɗaya ne a cikin kan albasa. Yawan ganye da lafiyarsa kafin ta fara yin kai, su ne girman abin da za a tona. Saboda haka a ciyar da ita sosai a makonnin farko, a cire ciyawa da hannu, a yi ban ruwa kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. Da zarar gindin ya fara kumbura a daina ƙara taki, in ba haka ba wuyan zai yi kauri ya ƙi bushewa. Kuma bahon da ake son kai daga gare shi, a hana yara da uwargida tsinkar lawashinsa. A ware wa lawashi nasa mazubin.

Maganar ruwa ba ta wasa ba ce. Albasa abu ce da ake ci ɗanya, don haka ruwan kwata da na rafukan da suka ratsa gari, irin su Ogunpa, ba na ban ruwanta ba ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse, ko wanda aka wanke shinkafa da ganye da shi, ya isa. A zuba a gindi da safe, kada a jiƙa ganye da yamma, domin ganyen da ya kwana da laima shi ke kamuwa da ciwon nan mai fitar da tabo ruwan shunayya, ya bushe daga sama. Da zafin Fabrairu kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari kan ɓuya a matsematsin ganye suna tsotsa, har ganyen ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu kaɗan na rage su, idan an fara da wuri.

Wata uku zuwa uku da rabi bayan dashe, wuya zai yi laushi, ganye ya fara kwanciya da kansa. Idan rabi ya kwanta a ɗauke ruwa gaba ɗaya, a ba ta kamar mako guda, sannan a tuge. A shanya ta da ganyenta a inuwa mai iska har wuyan ya bushe ƙamas, ɓawon ya yi ƙara idan an taɓa. A rataye ta ko a baza a kwando. Leda da ɗaki mai laima kabarinta ne.

A tukunya

Idan aka zo girki, mai ruwan ɗorawa na da inda babu mai kamo ta, tana kuma da inda ba ta da ta cewa. A gefen tsire da balangu, ja ce sarauniya. Yajinta ne ke yanke maiƙon nama, launinta ne ke ƙawata takarda, kuma tana jure zama a yanke a kan tebur. Babu mai tsiren Sabo da zai sauya ta, kuma yana da gaskiya.

Amma a miyar albasa, wadda ake ci da masa ko sinasir ko farar shinkafa, labari ya sha bamban. A samu manya guda shida, a yanka su sirara, a zuba a man gyaɗa da ɗan gishiri tun farko don ruwansu ya fito, a rage wuta. Nan ne ake gane mai haƙuri. Minti goma na farko za su yi laushi su zama garai-garai, daga nan su fara komawa ruwan zuma, kuma sai an kai rabin sa'a ko fiye kafin zaƙin da ke cikinsu ya fito sosai. Wuta mai ƙarfi ƙona gefe take yi ta bar ɗaci. Idan sun yi, sai a zuba jajjagen attaruhu da tafarnuwa da citta, da ɗan masoro da kanumfari, a kawo romon nama ko na kaza, a bar shi ya yi kauri. A ƙarshe a matsa lemun tsami ko a zuba ruwan tsamiya kaɗan, domin zaƙin na bukatar abin da zai tsaya masa. Mai son daddawa ya sa, ba ta ɓata komai. Wanda ya taɓa cin yasa ta mutanen Senegal zai ga dangantaka, don ita ma albasa ce da lemun tsami ginshiƙinta.

Launi ma na da nasa tasiri. Sinadarin da ya ba jar albasa launinta ba ya shiri da kanwa, yana kuma sauyawa a cikin ƙwai. Shi ya sa wani lokaci wainar ƙwan mai shayi kan fito da ɗigo-ɗigon shuɗi ko tsanwa-tsanwa, wake mai kanwa kuma albasarsa ta yi duhu. Mai ruwan ɗorawa ba ta da wannan. A ƙwai, a ƙosai, a alale, a dambun shinkafa, tana narkewa ta bar ƙamshi ba tare da ta ɓata fuskar abinci ba. A miyar jajjage irin ta makwabta Yarabawa, wadda matan Sabo da yawa suka iya kamar a gidansu aka ƙirƙiro ta, tana rage kaifin tumatir ba sai an nemi wani abu ba. Sai dai mai girki ta lura, da yake ruwanta ya fi yawa, sai an ƙara mata lokaci a wuta, kuma inda ja guda biyu ke isa, ita sai uku kafin a ji ta.

Ga masu zuwa jam'i kuma, a unguwar da masallaci ke kowace kusurwa, an san hanin da ya zo game da shiga sahu da warin ɗanyar albasa, da kuma cewa dafawa ce ke kashe shi. Mai ruwan ɗorawa ba ta kai ja wari ba, amma ɗanyarta albasa ce dai.

Lissafin baho

Bahon da faɗin bakinsa ya kai rabin mita zai ɗauki dashe 12 zuwa 15. Gidan da ke cin albasa biyu ko uku a yini zai cinye amfanin baho guda cikin mako ɗaya, bayan wata biyar ana wahala. Ko da baho goma ne, ba a kai ga buhu ba. Sannan ga wani abin da ya fi wannan: lokacin da albasar gida ke nuna, wato Maris, shi ne daidai lokacin da sabuwar albasar rani ke kwararowa daga Arewa, kasuwannin Bodija da Sasa su cika, farashi ya faɗi. Tsadar kuwa daga ƙarshen damina take farawa zuwa Disamba, sa'ad da abin da manoman Sakkwato da Kebbi suka adana a rudu ya ƙare ko ya ruɓe. A wannan lokacin albasar baho tana reno, ta bara kuma, in Grano ce, ta daɗe da tsirowa ko ruɓewa.

Saboda haka duk wanda ya ce wa mutanen Sabo lambun gida zai raba su da tirelar Aliero, bai yi lissafi ba. Wannan aiki ne na hanya mai kyau, da tsaron direbobi, da rumbunan ajiya na zamani a inda ake noman, da zaman lafiya a Sasa. Baho ba zai ɗauki wannan kayan ba.

Abin da zai iya ɗauka shi ne lawashi, kuma a nan ne ribar take. Ganyen albasa bai damu da tsawon yini ba, bai kuma jira rani. Albasar kasuwa da ta fara tsiro a kwando, ko gindin da aka yanke za a zubar, idan aka dasa a bokiti a ƙarƙashin baranda, cikin mako biyu ko uku za a fara tsinka, a yanka ya sake tohowa. Ba za ta ba da kai na kirki ba, rarrabuwa za ta yi, amma a watan da albasa guda ke neman gagarar talaka, dintsin lawashi a miya ko a kwaɗo ba ƙaramin abu ba ne.

Kakanni ma sun bar dabarar da ta dace da wannan gurbi. Gabu, wato ganyen albasa da ake dakawa a dunƙule a shanya, wanda har yau ake sayarwa a kasuwannin Sakkwato da Nijar, an ƙirƙire shi ne don watannin da babu ɗanya. A Ibadan sai a yi shi a Fabrairu ko farkon Maris, kafin iska ta yi nauyi, a adana a kwalba mai murfi. Ita ma mai ruwan ɗorawar da aka tuge, maimakon a zuba mata ido tana lalacewa, ana iya yanka rabinta sirara a shanya a ranar Maris har ta bushe, ko a soya ta a mai har ta yi ƙarau a ɗura a kwalba. Haka za a yi da ta kasuwa a makonnin da take araha.

Da ruwan Afrilu ya sauka, aikin albasa mai kai ya ƙare a Ibadan sai wata shekara. A juye ƙasar bahon a ƙara mata taki, a zuba alayyahu ko lalo, wanda makwabta ke kira ewedu, su ci damina. Ba a maimaita albasa a ƙasa ɗaya a jere, don ciwon bara na kwana a cikinta. Zuwa Oktoba sai a nemi sabuwar ƙasa da sabon iri.